Naman Layya a Firijin Ammi

"Wa ya taɓa kwalin nan?" Rubab ta faɗa da ƙarfi, tana tsaye a kicin washegarin Babbar Sallah. Kwalin allurar mijinta ne ta tsinta a bakin taga, zafin ranar garinsu, Multan, ya gasa shi tun jiya.

Surukarta, Ammi Kausar, ko ɗagowa ba ta yi ba, suyar hantarta kawai take. "Ni na taɓa. Firijina ne ko na ubanki? Cinyar akuya guda zan bari ta ruɓe saboda wani ɗan kwali?"

"Haba Ammi! Maganin ciwon dajin nan ya karya masa fararen ƙwayoyin jini. Likita ya ce allurar ce ke tashe su, kuma in ta sha zafi ta lalace!"

"Likita, likita! Ni na haifi Jahanzeb, da madara da kurkum na raine shi. Tun da kika shigo mana da farar ƙafarki ɗana bai sake lafiya ba."

Maganar ta soki Rubab har zuci, amma ta haɗiye. Ta yafa mayafi ta bi kemis-kemis, ko'ina a garƙame, kowa ya tafi cin nama. Da ta dawo ta tarar da dangi cike da falo, Ammi ta fito musu da marar lafiya suna ta rungumarsa, har da kawu mai tari.

Kwana biyu tsakani zazzaɓi ya kayar da Jahanzeb, sai asibiti.

"An yi masa allurar kuwa?" in ji likita.

"Ba a yi ba," Rubab ta amsa, kanta a ƙasa.

"Wace irin mata ce ke? Kashe shi za ki yi?"

Ammi na tsaye a gefe, ta yi gum kamar an ɗinke mata baki. Wallahi wannan shirun ya fi zagin ciwo! Dangi kuwa suka samu abin taunawa, mai cewa a sake ta, mai cewa gado take hange. Rubab dai tana bakin ƙofar ɗakinsa tana kuka tana addu'a.

Ranar da ya farfaɗo, maganar ta riga ta isa kunnensa. Ya dube ta da jajayen idanu. "Rubab, da gaske ke kika yi sakaci da raina?"

"Ka sha ruwa tukuna," ta ce, hawaye na zuba.

Nan Ammi ta kasa daurewa, ta fashe da kuka. "Ni ce, ɗana! Ni na fitar da allurar daga firiji na cusa nama! Yarinyar nan asirina ta rufa, ni kuwa na bari ana yagar namanta."

Jahanzeb ya kamo hannun matarsa ya ɗora a goshinsa cike da kunya.

To, 'yan mata, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah, haihuwar ɗa ba ta mai da uwa likita.