Hauwa'un Jidda

"Mayar da shi baya!" in ji Baba, fuska a murtuke. "Kowa ya ji da kunnensa."

Basiru mai shago ya danna rediyonsa, muryar mijina ta sake cika tsakar gidanmu.

"Barira, hasken idona... kullum da la'asar sai na biya wajen... Hauwa'u. In na tsaya a ƙofarta sai zuciyata ta yi sanyi, har ƙwalla nake yi. Addu'ata ɗaya, Allah Ya bar ni da..."

Sai ƙas! Magana ta yanke.

"Kaset ɗin ne ya ɗan ci," Basiru ya faɗa yana sunkuyar da kai, wai shi mai jin kunya. "Amma ai ko yaro ya san ƙarshen zancen."

Inna ta tafa hannu.

"Oh ni 'yasu! Mu muna nan muna dambun dusa, shi Muntaka yana can yana kuka a ƙofar wata!"

Na tashi na shige ɗaki.

Shekara uku ke nan da tafiyarsa. Watanmu bakwai da aure damina ta yi mana gardama, gero ya bushe a tsaye daga ƙauyenmu har Ɗanbatta. Ya sayar da akuyoyinsa ya bi masu tafiya ƙasa mai tsarki. Can ya samu tuƙi a wajen wani Balarabe mai kai baƙi yawon buɗe ido. Ni kuwa na koma ɗakin Inna, ga ni ba budurwa ba, ba bazawara ba.

Kaset ne kaɗai aurena. Duk mai dawowa ya ajiye shi a shagon Basiru da ke bakin titi, tunda shi kaɗai ke da rediyo mai kaset a garin. Sai in ara, in shanya batir a rana don ya ƙara kwana, in rufe ɗaki.

Da kunne na zaga Jidda kaf. Muntaka ya kai ni tsohon gari, inda aka gina benaye da dutsen teku, tagoginsu na katako da zane kamar ƙwaryar amarya. Ya tsayar da ni bakin Bahar Maliya ya ce, "Yi shiru, 'yar gidana, ji ruwa." Na ji shi kuwa, shuuu... shuuu... ni da rijiyar gidanmu ta ƙafe! Ya ce akwai kifaye masu launin atamfa. Ya hau da ni duwatsun hanyar Ɗa'ifa, inda gajimare ke shiga mota ta taga, birai na fizge wa baƙi burodi. Kullum sai ya rufe da cewa, "Wata rana da idonki za ki gani."

In kaset ya ƙare, ɗakin sai ya yi mini faɗi. Wallahi na sha kewa, irin wadda ba a gaya wa uwa.

Shi ya sa maganar ranar ta dafa ni.

"Ba zan tilasta miki ba," Baba ya ce. "Amma shekara uku ba kwana uku ba ce. Ko ki nemi takardarki, ko ki ci gaba da auren rediyo."

Basiru, wanda ya taɓa nemana na ƙi, har da kawo sabon kaset kyauta. Ni ma da zuciya kamar garwashi, na zauna na amayar da abin da ke cikina a kaset ɗin.

"Malam, na ji. Allah Ya bar ka da Hauwa'unka. Ni dai ka aiko mini da takardata!"

A makon nan wani matafiyi ya wuce da shi.

Garin ya ishe ni, kowa sai kallona yake. Na tattara na tafi Ɗanbatta wajen Gwaggo Maijidda, yayar Baba, wadda ta taɓa sauke farali. Kwana biyu tana lura da ni, a na uku ta jawo rediyonta.

"Ke, kawo kaset ɗin nan in ji abin da ya mayar da ke tsinke. Ki ƙure shi, kunnena ya yi nisa."

Na ƙure murya har ƙarshe.

"...sai na biya wajen... Hauwa'u."

Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Tsaya! Barira, mene ne sunana na yanka?"

"Hauwa'u, Gwaggo."

"To don me ake ce mini Maijidda?"

Gwaggo ta girgiza kai.

"Kai, yaran zamani! A Jidda aka ce kabarin Uwarmu Hauwa'u yake, matar Annabi Adamu. Shi ya sa duk mai sunan ake mata laƙabi da garin. Ni da ƙafata na tsaya a ƙofar maƙabartar nan, na yi kuka har gyalena ya jiƙe. Direban baƙi ai dole kullum ya biya can!"



"Gwaggo... to me ya sa bai ce maƙabarta ba?"

"Mayar mu ji."

Na mayar, na kara kunne daidai inda maganar ta yanke. Duk kaset ɗin ana jin ruwan teku a bayan muryarsa. A wannan gurbin kuwa babu ruwa. Wani abu ne daban, can ƙasa-ƙasa.

Tuk-tuk-tuk... kuf! Tuk-tuk-tuk... kuf!

Na san tarin nan. Injin niƙan da ke bayan shagon Basiru ne, wanda duk garinmu ke yi wa tsiya da mai asma.

"Innalillahi!" Na dafe ƙirji. "Gwaggo, goge shi aka yi! Na kashe aurena da bakina!"

Washegari Gwaggo ta sa ni gaba har gida, rediyo a hammata. Baba ya saurara sau biyu, ya zura takalmi ya nufi bakin titi. Ban san me ya gaya wa Basiru ba, na dai san bai sake bi ta ƙofar gidanmu ba.

Amma me wannan ya gyara? Kaset ɗina ya riga ya haye ruwa. Na yi wani na ban-haƙuri, na rasa mai tafiya. Wata ɗaya, biyu, biyar... shiru. Duk motar da ta tsaya a titi sai in ce yau takardata ta iso.

Wata ranar bazara da hantsi ina tankaɗen garin rogo, na ji sallama a zaure.

Rariya ta suɓuce mini.

Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, jallabiya ɗaya a jikinsa, sai leda a hannu. Babu akwati, babu tsaraba.

"Malam..." na ce. "Yaya... yaya ka zo?"

"Balaraben ya hana ni tafiya. Sai na ajiye masa makulli, na miƙa kaina ga askarawa, 'yan sandan can, don su koro ni gida. Wata huɗu ina tsare kafin a samu jirgin da zai kwaso mu."

"Aikin naka fa? Tekun... duwatsun..."

"Na bar musu."

Na durƙushe ina kuka.

"Ka yafe mini! Wallahi goge maganarka aka yi, ban sani ba..."

Ya tsuguna a gabana, bai ko damu da Inna da ke leƙowa daga madafi ba.

"Wa ya goge, me aka goge, duk ban sani ba, Barirata. Na dai ji kin ce in aiko miki da takarda."

Na runtse ido, ina jiran ya zaro ta daga ledar.

"Kwana uku ina riƙe da biro," ya ce. "Hannuna ya ƙi. Shi ne na kawo miki kaina. In har yanzu kina so, ki kalli idona ki sake faɗa."

Na kalle shi.

"Inna!" na ƙwala kira, hawaye na shiga bakina. "Kawo ruwa... maigidana ya sha hanya."