Ajin Malam Haliru

Ranar wata Laraba, bayan la'asar, Malam Attahiru ya taso daga Bodinga a kan babur ransa a ɓace. Shi ne hedimasta a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke gaba da Lambara, a ƙasar Shagari. An umarce shi ya rubuta tarihin makarantar saboda bikin cikarta shekara hamsin. Sai da ya kai wa mai kwamfuta sannan ya lura babu sunayen ɗaliban farko. Sunayen suna cikin wata tsohuwar rajista, a akwatin ƙarfe, cikin ajin ƙasa.

Ajin nan shi ne ciwon kansa. Da shi aka fara makarantar: ɗaki ɗaya na laka, malami ɗaya mai suna Malam Haliru, da yara goma sha tara. Daga baya aka yi azuzuwa biyu na bulo, aka ƙara huɗu, aka haƙa rijiya, 'yan mata suka fara shigowa. Yanzu ɗalibai sun haura ɗari bakwai. 'Yan aji ɗaya su ɗari da talatin ne a ɗaki guda, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Shekara uku Malam Attahiru yana zirga-zirga kafin a amince da sabon gini, kuma filin da ya dace shi ne inda ajin ƙasa yake. Sau biyu leburori suna zuwa rushe shi, sau biyu suna ajiye diga su tafi ba sallama. Dattawan gari kuwa abin da suka iya cewa kawai a yi haƙuri.

Ya iso rana ta yi ja. Shanu suna komawa gida, iska tana kawo warin albasa daga rumfuna. Baba Amadu mai gadi, wanda yana cikin yaran nan goma sha tara, yana alwala a bakin ƙofa.

"Baba, ba ni mabuɗin ajin ƙasa."

Tsohon ya ajiye buta. "Ranka shi daɗe, yanzu? Ka bari sai da sahe."

"Da sahe za a buga takardar. Yanzu zan hito."

"Malam Haliru bai taɓa bari magariba ta iske shi ciki ba," in ji Baba Amadu, ya rage murya. "Mu sha tara na, amma in munka ɗauki karatu, muryoyi sun hi haka. Shi da kainai yac ce muna da abokan karatu."

"Haba Baba! Wagga magana ita tah hana ma ɗiyanmu wurin zama. Na gaji da ita. Ba ni."

Ya karɓi mabuɗin ya wuce.

Ƙofar kwano ce, ta yi tsatsa. Ciki akwai sanyi, ga shi kuwa lokacin bazara ne. Warin kashin jemage ya buge shi. Babu benci ko ɗaya, an kwashe su tun da daɗewa. Allon bango ya tsage, amma baƙinsa bai koɗe ba.

Ya durƙusa gaban akwatin yana kokawa da kwaɗo. A nan ya ji wani ƙamshi daban. Ƙamshin alli, sabo, irin na allon da aka gama gogewa yanzu.

Ƙofar ta rufe a hankali.

Wani ya yi tari a bayansa. Tarin ƙaramin yaro.

Sai motsin ƙafafu marasa takalmi, kamar an miƙe tsaye gaba ɗaya.

"Barka da zuwa, Maaalam."

Da waƙa suka faɗa, suna jan ƙarshen, yadda 'yan aji ɗaya suke yi. Shekara ashirin da shida yana koyarwa, kunnensa ya san yawan aji ko da idonsa a rufe. Waɗannan sun fi ɗari biyu.

Ya juya. Babu kowa. Amma da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya ga ƙurar daɓe tana lotsawa, gurbi kusa da gurbi, daga bango har bango.

"Malam, matsa gaba," in ji wata murya dab da kunnensa. "Ba wuri."

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Muryoyin suka riga shi.

"Malaminmu ya daɗe bai zo ba."

"Mun yi yawa, Malam."

"Yaushe za a ƙara muna aji?"

Wani abu ya gangaro ya taɓa ƙafarsa. Guntun alli. Hannu mai sanyi kamar ruwan randa ya kama yatsunsa, ya danƙa masa shi.

Suka fara tura shi. A gwiwa. A ƙugu. Ƙananan kafaɗu, ba iyaka.

Bayansa ya bugi allo.

Ya yunƙura wajen ƙofa, suka ƙara matsowa. Ƙirjinsa ya ƙi ɗagawa.

"Ba a tashi ba, Malam."

"Ba a tashi ba."

Idonsa ya fara rufewa.

Ƙarrr!

Daga waje ne. Baba Amadu yana dukan tsohon ƙarfen taya da ke rataye a bishiyar dogon yaro, ƙararrawar makarantar. Ɗaya. Biyu. Uku. Bugun tashi.

Ɗakin ya yi tsit. Sai ihun murna ya ɓarke. Ƙofa ta wangale, iska mai sanyi ta bi ta kansa da gudu, ta kayar da shi. Ya ji ana taka bayansa, ƙafa bayan ƙafa, kamar ba za su ƙare ba.

Da rarrafe ya fito. Baba Amadu ya ja shi har gindin bishiya, ladan yana kiran magariba.

"Haka Malam Haliru ka sallamarsu," in ji tsohon yana haki. "Na manta, wallahi na manta, sai da nij ji sun gaishe ka."

Kwana biyar Malam Attahiru ya yi kwance. Da ya tashi, shi da kansa ya rubuta takarda ya roƙi a mayar da sabon ginin filin ƙwallo. Aka ce sai an sake awo, sai an sake zane. Har yau ba a sa bulo ko ɗaya ba, kuma bana an ɗauki sababbin yara casa'in.

Makarantar ta koma buga tashi sau biyu a rana: ɗaya da azahar, ɗaya kafin magariba. Baba Amadu ya rasu bara. Mutum uku hedimastan ya nema su gaje shi, kowa ya ji sharaɗin sai ya ce yana da aikin gona. Don haka kullum rana ta yi ja, Malam Attahiru yakan bar abin da yake yi ya hau babur. Yakan tsaya gindin bishiyar, bayansa ga ajin ƙasa, ya buga sau uku. Ba ya juyawa sai sun gama wucewa.