Muryar Yahya a Tekun Girka

Da la'asar sakaliya Usmanu ya ce wa direban tasi ya mayar da shi filin jirgi. Tun safe yake yawo a Atina. Kamfaninsu na Yanbu ne ya tura shi kwas Jamus, a hanyar dawowa jirgi ya sauke su a Girka, kuma wanda zai kai shi Jidda ba zai tashi da wuri ba. Maimakon zaman kujera sai ya fita ganin gari. Ya hau tudun nan mai tsofaffin gine-gine, ya kutsa cikin Turawa masu huluna da tabarau, ya ɗauki hotunan ginshiƙai saboda 'yarsa Ikram, wadda ta ce kada ya dawo Madina babu su. Yanzu ƙafafunsa sun gaji. Shayi kawai yake so.

Direban, wani dattijo mai warin taba, ya ce ai da sauran lokaci. Akwai wani kango a Suniyon, kan tsauni a bakin teku, baƙo ba ya barin ƙasar bai ga faɗuwar rana a can ba.

Usmanu kuwa tun da ya sauka yake kauce wa kallon tekun nan.

Yana da ƙane, Yahya, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Mahaifin Usmanu ɗan ƙasa ne a can Madina. Na Yahya baƙo ne daga Damagaram, ya rasu bai bar wa yaron iƙama, takardar izinin zama, ba. A unguwar Ranuna ta Madina aka haifi Yahya, a nan ya girma, amma ko gadi ba a ɗaukarsa. Da ya gaji, ya samo fasfon ƙasar ubansa, ya bi 'yan tafiya ta Turkiyya. Kiransa na ƙarshe daga bakin ruwa ne, yana dariya, yana cewa gobe war haka yana Girka. Shekaru suka shuɗe. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyarsu, Hajiya Mero, ta daina tambaya, amma ba ta daina zabura ba duk sanda waya ta yi ƙara.

"To, mu je," in ji Usmanu.

Hanyar ta yi ta lanƙwasa a gefen ruwa. Da suka isa, rana ta yi ja. Ginshiƙan suna tsaye a kan tsaunin, farare, ba rufi, iska tana ratsa tsakaninsu. Makwarwa na gudu cikin ciyayi masu ƙamshin za'atar. Direban ya ce a zamanin da, a nan mutane suke roƙon abin bautarsu ya dawo musu da jiragen ruwa lafiya, sannan ya koma mota ya kunna taba.

Usmanu ya ɗauki hoto ɗaya. Hannunsa bai so na biyu ba.

Rana ta nutse. Turawa suka yi tafi, mai gadi ya busa usur, aka fara watsewa. Magariba ta yi, shi kuwa ba zai yi salla a gidan gumaka ba. Ya fita daga shingen, ya bi wata siririyar hanya da ta gangara gefen tsaunin, yana neman fili. Ya samu wani faffaɗan dutse. Ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya shimfiɗa kwat ɗinsa, ya tayar da salla.

Yana sallamewa ya lura gyare sun yi shiru.

Iskar ma ta tsaya. Ƙamshin za'atar ya ɗauke. Wani wari ya taso daga ƙasa, na fetur da jiƙaƙƙiyar roba.

Sai ya ji tafiya. Tafiyar ƙafa mara takalmi a kan dutse. Caɓ. Caɓ. Ta tsaya.

"Yaya."

A hankali aka faɗa, kamar mai gudun tada mai barci.

Ya leƙa. Ƙasa da shi kaɗan, a kan wani dutse da ya ɗan fito daga jikin tsaunin, mutum ne a tsugune, kansa a sunkuye. Yana sanye da rigar ceto ruwan lemo wadda ta koɗe. Ruwa na zuba daga jikinsa, ba ya ƙarewa. Usmanu ya san ƙeyar nan. Shi ya saba aske ta a soron gidansu.

"Yahya?"

"Ka daɗe, Yaya Usmanu. Sanyi nake ji."

Usmanu ya san abin da hankali yake faɗa masa. Ya san lokacin da ake ciki, ya san irin wurin da yake. Amma muryar ce, har da 'yar shaƙewar nan da Yahya yake da ita tun yana yaro.

"Muna da yawa a ƙasa," in ji muryar. "Ba wanda ya zo mana. Miƙo hannu."

Ya sauka taki ɗaya. Tsakuwa ta gangara, bai ji faɗuwarta ba.

Can ƙasa, a kan ruwan da ya yi baƙi, wasu abubuwa suna yawo kamar ƙorai da aka kife. Da yawa. Suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Kawuna ne. Duk shi suke kallo.

Ya ƙara sauka. Hawaye ya rufe masa ido. Ya durƙusa, ya miƙa hannun dama.

Aka kama.

Hannun sanyi ƙalau, da laushi kamar burodin da ya kwana a ruwa. Amma riƙon na ƙarfe ne. Aka fara ja, a hankali.

"Inna tana nan? Har yanzu tana jirana?"

Nan Usmanu ya farga. Yahya bai taɓa ce mata Inna ba. Ummi yake cewa. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa ita da Larabci yake amsawa, ko zance ɗaya ba ya iya kaiwa ƙarshe bai karkace ba. Wannan Hausar kuwa tas take, irin wadda Usmanu yake yi a zuciyarsa. Daga cikinsa ake ɗebo maganar ana mayar masa.

Da kyar ya buɗe baki, da Larabcin Madina.

"Ya Yahya, ƙul la ilaha illallah."

Shiru.

Kan ya ɗago.

Fuskar Yahya ce, amma tana narkewa kamar gishiri a ruwa. Hanci ya tafi. Baki ya shafe. Abin da ya rage sumul yake, kamar dutsen da teku ta daɗe tana lasa.

Jan ya ƙaru. Ƙirjinsa ya daki dutse. Kansa ya wuce bakin dutsen, ya ga ramin duka.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi. Ya maimaita farkonta, ya sake maimaitawa, ya kasa wucewa.

Takalminsa ɗaya ya zame.

Sai aka cafki bel ɗinsa ta baya. Warin taba. Dattijon yana nishi, yana surutu da yarensu, yana ja. Usmanu ya tattara sauran numfashinsa ya ƙarasa ayar da ƙarfi.

Hannun ya sulɓe.

Ba a ji faɗuwar komai a ruwa ba. Kuka kawai ya taso daga ƙasa, yana nisa, yana dushewa. Wannan karon ba Hausa. Kukan mutum ne da ruwa ke shiga bakinsa, yana kiran kalma ɗaya.

"Ummi. Ummi."

A mota dattijon bai tambaye shi komai ba. Ya lulluɓa masa rigarsa, ya yi ta shafa goshi da ƙirji irin na addininsu. Sai da fitilun filin jirgi suka bayyana ya ce shi bai ga kowa ba. Ya ga baƙonsa kwance a bakin tsauni yana miƙa wa iska hannu. Sannan ya dubi hannun rigar Usmanu. A jiƙe yake har kafaɗa, alhali ruwan yana can ƙasa, nisan da ko jifa ba ta kaiwa da sauri.

Ya iso Madina da zazzaɓi. Hannun daman ya yi makonni bai ɗumama ba. Wani malami a Ƙuba ya yi masa ruƙiya, ya ce aljanun kangaye sun saba aron muryar matattu, ya gode wa Allah da ya tsira. Matarsa Shafa'atu ta roƙe shi kada ya gaya wa tsohuwa. Amma Hajiya Mero ta ga yadda yake kauce wa idonta, ta zaunar da shi a tsakar gida bayan la'asar, ta ce ya faɗa.

Ya faɗa. Ta saurara, carbinta a tsaye a hannunta.

"Ba shi ba ne, Inna," ya ce. "Aljani ne."

"Na sani, ɗana. Amma ba a aron muryar da ba a taɓa ji ba. A ruwan nan ya ji shi ke nan."

Usmanu ya sunkuyar da kai.

"Ka ce daga ƙarshe ya yi kuka," ta ce. "Wannan kam nasa ne, na gaskiya. Me yake cewa?"

Ya dubi hannayenta, sun bushe. Ya tuna kalmar, ya ji ta a kunnensa kamar yanzu ake faɗa.

"Shahada yake yi, Inna."

Ta lumshe ido. Sannan ta ce alhamdulillah, carbin ya ci gaba da tafiya.

Usmanu ya nemi a mayar da shi ofishin Madina, ya bar Yanbu da tekunta. Hajiya Mero ta rasu da azumin da ya biyo baya, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Har ta koma ga Allah, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta gaya masa ɗanta Yahya ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Usmanu yakan zauna a gefe yana ji, ya ce haka ne.