Ranar da Aka Rufe Mumbarin Abba

Indo na tuƙa tuwon shinkafa a gidansu da ke unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa, sai ta ji muryar maigidanta, Malam Gidaɗo, ta tashi daga falo.

"Maimaita abin da ka ce, Tarig!"

Tarig, Bahaushen Sudan mai neman auren 'yarsu Fiddausi, ya sunkuyar da kai. "Baba, cewa na yi gara gwamnati ta tsaya kan burodi da asibiti, ta bar masallaci ga malamai."

"Wato a raba addini da mulki? A gidana? Khalas, magana ta ƙare, babu aure!"

Fiddausi ta faɗo kicin tana kuka. "Umma, wallahi ba fair ba ne! Mutumin da ko jam'in asuba ba ya wuce shi!"

"Rufa min asiri, kar maƙwabta su ji! Gari na ta zanga-zanga, shi ma me ya kai shi zancen siyasa gaban suruki?"

Fiddausi ta share hawaye. "Ba zan saɓa wa Abba ba. Amma ba zan saurari kowa ba, zan jira."

Haka ta yi shekara biyu. Ɗalibai daga unguwar Darrasa suka yi ta aiko da maganar aure, tana cewa a yi haƙuri. Indo har ta rame don tunani. Tarig kuwa kowace Juma'a yana sahun gaba a ƙaramar zawiyar da Malam ke yi wa baƙi 'yan uwansa huɗuba, ko kallo ba ya samu.

A 2014 wani jami'i ya zo da takarda: babu Juma'a a ƙananan zawiyoyi, babu hawa mumbari sai da lasisi, maudu'in huɗuba ma daga sama zai riƙa zuwa. Malam ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Shekara ashirin yana kan mumbarin nan!

Bayan la'asar Tarig ya yi sallama, ya durƙusa.

"Ma'alish, Baba, a yi haƙuri. Na san zafin nan. Mahaifina limami ne a Sudan. Aka rubuto masa huɗubar yabon masu mulki, masu cewa da sunan addini suke yi, ya ƙi karantawa. Aka tsare shi, bai sake hawa mumbari ba har ya rasu."

Malam ya daɗe yana kallonsa. "Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Ba a katse babba, Baba."

Idon Malam ya ciko. "Har yanzu ba mu daidaita a komai ba, za mu ci gaba da muhawara. Amma ashe kishin masallaci ne ya sa ka magana. Indo! Yalla, maza kirawo Fiddausi, a sa rana!"

Indo ta rangaɗa guɗa, ta manta da maƙwabta!

To 'yan mata, ku ga ribar haƙuri da biyayya. Mu iyaye kuma, kar mu yanke wa yaro hukunci kan magana ɗaya ba mu tambayi inda ta samo asali ba.