Tikitin da Aka Yanka wa Barakatu

A Kwanar Dangora suka fara haɗuwa, wata Juma'a cikin daminar 1995. Barakatu ta taso daga firamaren da take koyarwa a Kiru za ta gida Doguwa, ruwa ya tsare ta a wata rumfa ita da tsofaffi biyu, ga motar haya ta ƙi samuwa. Can sai wata farar a-kori-kura ta tsaya, matuƙin ya leƙo.

"Malama, ina aka nufa?"

"Wa ya ce maka ni malama ce?"

"Allin da ke hannun rigarki."

Ta duba, ta yi saurin kakkaɓewa, tsofaffin suna dariya. Ya kwashe su duka ukun. Kafin su wuce Tudun Wada ta san sunansa Zailani, ɗan Bebeji, injiniya a madatsar ruwa ta Tiga. Tudun Wada ce iyakar tafiyarsa, amma sai ga shi ya ratsa dajin Falgore har ƙofar gidan mahaifinta, Malam Buba, Bafillacen da ya daɗe da kafa gida da gona a gefen garin.

Daga nan duk Asabar yana hanya. Shi yana kiranta Malamata, ita kuma Injiniya. Mahaifiyarta, Inna, ta kan dama masa fura da kanta, ta ce yaron yana da kunya.

Aikinsa kan kai shi ƙasar Holan kwas, wani lokaci sau biyu a shekara. Wata rana ya nuna mata wani ɗan kati.

"Duk tafiyar da na yi, kamfanin jirgin yana rubuta mani maki, kamar yadda kike ba ɗalibanki. Idan ya taru sai su ba mutum kujera kyauta."

"To ka ci jarrabawar?"

"Na ci, Malamata. Shekara huɗu ina tarawa ban san wa nake tara wa ba."

Ya ce an ba shi karatun shekara guda a Holan, zai fara a Satumba mai zuwa, kuma ba ya son tafiya shi kaɗai. Sai dai kujerun maki ba su da yawa, in ba a kama tun saura wata goma sha ɗaya ba, ba a samu. Ya miƙa mata tikitin, ɗan littafi mai jan kabon a ciki. Ta buɗe ta karanta: BARAKATU ZAILANI.

Daɗi ya kama ta, tsoro ya biyo baya.

"Injiniya, magabatanka ko gaisuwa ba su zo ba."

"Bayan girbi za su zo. Kujerar ce ba ta jira. Ajiye shi a wurinki, naki ne."

Ta saka shi cikin littafin darasinta. Duk lokacin da ɗalibai suka fita tara sai ta buɗe ta kalli sunan.

Akwai Balarabe, ɗan ƙanen Malam Buba, mai kantin magani a Doguwa. Tun tana sakandare yake sonta, ita kuwa yaya kawai ta ɗauke shi. Ya shigo gaishe da Inna ya tarar da littafin a kan tabarma, bakin tikitin ya leƙo, ya zare shi ya sa a aljihu. Ranar kasuwa ya sami Malam Buba a kara, kasuwar dabbobi, cikin abokansa masu shanu, ya ɗaga takardar, ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa: suna, rana, gari.

Malam Buba bai iya boko ba. Ya tsaya yana sauraro, mutane suna kallonsa. Wani ya ce, "A'a, Buba, ka aurar da 'ya ba goro?"

Da ya dawo gida bai ɗaga murya ba. Ya ajiye tikitin a gaban Barakatu.

"An ce sha huɗu ga Satumba za ki tafi. Na gode da aka sanar da ni."

"Baffa, wallahi ba haka..."

"Har an canza miki suna ma. Ni da na yanka ragon sunan ban sani ba."

Bayan girbi magabatan Zailani suka zo. Malam Buba ya shimfiɗa masu tabarma, ya sa aka kawo fura, ya raka su har mota, sannan ya mayar masu da goronsu. Ya ce wanda ya riga ya ba kansa mata ba ya bukatar a ba shi.

Barakatu ta rubuta wasiƙa ta ba Habu, direban motar Doguwa zuwa Kano, ya ajiye a Tiga.

"Injiniya, ga tikitinka. Ka soke shi su mayar maka da makinka. Kar ka ƙara zuwa, ganinka yana ƙara wa Baffa ciwo. Ban daina sonka ba, amma ba zan iya ba."

Amsa ta zo bayan kwana uku.

"Malamata, laifina ne, gaggawa ta sa na yi wa dattijo abin da ba a yi. Zan bar zuwa tunda kin ce. Tikiti kuwa ba zan soke ba. Akwai sauran wata tara, zuciya tana saukowa."

Zuciyar Malam Buba ba ta sauko ba. Inna ta yi magana, limamin unguwa ya yi, Malam Buba ya ce ya ji. Watanni suka yi ta tafiya, Barakatu ta rame har shugaban makaranta ya tambaye ta ko za ta je asibiti. Ranar sha huɗu ga Satumba ta fita bayan gari ta zauna a kan wani dutse. Ta san jirgin arewa zai nufa, ba zai bi ta kan Doguwa ba, amma ta yi ta kallon sama har wuyanta ya ƙage.

Wasiƙarsa ta farko daga can gajeriya ce.

"Har aka rufe ƙofa ina kallon hanya. Sau biyu suka kira sunanki a lasifika. Kujerar ta taga ce, don na san za ki so ganin gajimare. Wani ya nemi ya koma kanta, na roƙe shi ya bari."

Ta karanta a bayan aji, ta yi kuka har aka kaɗa ƙararrawa.

Balarabe ya turo neman aure. Malam Buba ya kira ta ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta so.

"Ba zan yi miki dole ba," in ji shi. "Amma wancan ma kar in ji sunansa."

Da bazara Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne aka ce, sai ya ƙi sauka. A asibitin Tudun Wada ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Na so in ga ɗakinki." Kwana biyu bayan haka ta rasu.

Sai da aka yi sati uku labari ya kai wa Zailani. Bayan an yi arba'in, Habu ya kawo ambulan, ya ce wannan ba ta Barakatu ba ce, ta Malam ce. Malam Buba ya karɓa fuska a ɗaure, yana tunanin wanda zai nema ya karanta masa. Da ya buɗe sai ya ga ajami, baƙaƙen a karkace kamar na mai koyo. Ya koma zaure ya karanta shi kaɗai.

"Baffa, Allah ya jiƙan Inna. Ta ciyar da ni, ban samu na ɗauki gawarta ba. Na kunyata ka a gaban mutane, ban da abin da zan ce. Ba don a ba ni aure na rubuto ba. Ka yafe mani kawai."

Har la'asar bai fito ba. Da Barakatu ta kai masa ruwan alwala ta ga idonsa ya yi ja.

"Uwarki ta roƙe ni sau uku," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Na ukun a gadon asibiti. Na ce mata sai ta warke mu yi maganar." Ya juyo ya dube ta. "Yaushe zai dawo?"

"Satumba, Baffa."

"Idan ya sauka, ya zo."

Ya zo, ko gida bai kwana ba. Ya durƙusa a zaure, Malam Buba ya ce ya tashi ya zauna a kan buzu. Da aka ba su izinin gaisawa a ƙofar gida, Barakatu ta kasa ɗaga kai.

"Malamata, kin rame."

"Kai ma, Injiniya."

"Na jawo mana."

"Ya wuce. Inna ce dai ba ta gani ba."

Suka tsaya, kowa yana share ido.

Malam Buba da bakinsa ya sa rana, Juma'ar farko bayan an cire amfanin gona. Aka ɗaura aure a ƙofar gidansa, mutanen kara duka suna nan, har Balarabe ya zo ya zauna daga baya-baya.

Da yamma motocin Bebeji suka iso ɗaukar amarya. Gwaggonninta suka fito da ita a lulluɓe. Da ta zo daidai ƙofar ɗakin Inna sai ta tirje, ta dafa bango tana kuka, aka rasa mai iya janye ta. Malam Buba, wanda bai taɓa shiga sha'anin mata ba, ya ratso tsakar gida ya kama hannunta. Shi ya kai ta har bakin mota.

Ya dubi Zailani da ke tsaye gefen motar ya ce, "Ga ta. Ba ta da uwar da za ta kai wa ƙara, sai ka zame mata." Ya saki hannunta. "Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ku tafi, kar magariba ta same ku a daji."