Ƙwayar Rage Ƙiba a Furar Alhaji Labbo

Da hantsi aka kawo wa Insifekta Mala labari a Magariya: Alhaji Labbo, ɗan kasuwar gyaɗa na Dungas, ya faɗi a ƙofar gidansa, rai ya yi halinsa. Ko'ina an san Labbo da ƙiba, har daga sujada sai da taimako yake tasowa.

Mala ya fara da lokotoro, wato likitan da ke duba shi.

"Ni na rubuta masa ƙwayar rage ƙiba," in ji lokotoron. "Da na ji zuciyarsa tana bugu fiye da kima, na hana shi, don akwai sinadari a ciki mai tayar da zuciya."

A Dungas, Mala ya tarar da matar mamacin, Hajiya Kaltume, idanunta a kumbure.

"Hajiya, ina sauran maganin?"

"Tuni Alhaji ya zuba shi a masai, ranka ya daɗe."

Amma da Mala ya ɗanɗana ragowar furar da Labbo ya sha a ƙwarya, sai ɗaci ya kama masa harshe.

Ya nemi Illa, direban mamacin. Da fari Illa ya ce bai san komai ba. Da aka ce masa mai farmasi, shagon da ake sayo ƙwayar, ya shaida shi, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya ce ke aikena da tsohuwar takardar lokotoro."

Mala ya koma, ya ajiye ƙwaryar a gaban Hajiya.

"Ni nake daka ƙwayar in zuba masa, biyu-biyu," ta ce. "Na ga ya daina sha, na ɗauka taurin kai ne. Ina jin yadda yake haki, ina tsoron ƙibar nan za ta raba ni da shi."

"Bai gaya miki lokotoro ne ya hana shi ba?"

Ta ɗago kai da sauri. "Ya hana?"

"Saboda zuciyarsa, Hajiya."

"Wayyo, Alhaji! Ɓoye mini ya yi don kada hankalina ya tashi."

Mala ya kama ɓarayi da masu kisa ba tare da ya ji komai ba, amma ranar sai da ya kawar da kai. Bai ciro ankwa ba. Ya jira ta yafa mayafin takaba, ya buɗe mata ƙofar mota da kansa. Ya tafi da ita ofishin 'yan sanda na Magariya.