Buhun da Ya Fi na Kowa

An yi wani manomi mai cika baki. Ranar godiyar kaka ya shigo coci da ƙaton buhu, yana nishin ƙarya. Ya ce, "Bana ba wanda ya ba Allah kamar ni!" Alhali masara a sama kawai take, ƙasa duk totuwa ce.

Da aka zo raba wa gwauraye, fasto ya zazzage buhun gaban wata tsohuwa mai riƙon marayu. Sai totuwa, sai totuwa.

Manomi ya ce, "Ɓeraye ne!"

Tsohuwa ta ce, "Ayya, ɗana, ashe ɓarna suka yi maka? Kwashe 'yar masarar ka kai wa yaranka."

Sai ya durƙusa gaban kowa, hawaye na zuba. "Ya Ubangiji, ba ɓera ba ne. Ni ne."